Ɗalha Mai Tayil da Filin da Ya Saya a Cikin Gem

Ɗalha mai tayil, autan marigayi Malam Nata'ala magini na Yakasai, irin mutanen nan ne da in aka ce gobe za a raba dutsen Dala kyauta, kafin ladan ya yi gyaran murya yana gindin dutsen da baro da shebur. Kada a zalunce shi a ce wauta ce. Yarda ce Allah ya zuba masa aka manta ba a rufe famfon ba. Mu abokan wasansa mun daɗe muna cin tuwo da wannan hali nasa. Yana yaro an taɓa aikensa kasuwar Kurmi sayo nonon zakara, ya wuni yana bi rumfa-rumfa, kowane mai rumfa ya dube shi ya ce yanzun nan ya ƙare, amma ya gwada gaba. Da ya dawo da yamma bai ce an yaudare shi ba, cewa ya yi gobe zai yi sammako.

A cikin laka ya yi rarrafe. Mahaifinsa yana cikin maginan ƙasa na ƙarshe da suka iya ɗaurin guga, rufin ɗakin nan da za ka ɗaga kai ka ga kamar an kifa maka ƙatuwar ƙwarya, azara a kan azara, ba ƙusa ba siminti. Gidansu ma da hannunsa ya tashe shi: zaure mai zanko biyu tsaye kamar kunnen zomo, dakali a waje, tsakar gida da rijiya da bishiyar lemon tsami, sai ɗakin matarsa Inna Uwani can ƙurya, wanda ya yi wa rufin da duk Yakasai ake zuwa kallo. In ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, ka shiga ɗakin nan sai ka nemi mayafi.

Ɗalha ya yi boko har aji uku na sakandire, ya fito da Turancin da ya ishe shi karanta bayan kwali. Sauran karatun a hannun ubansa ya yi shi. Sai dai kafin hannunsa ya faɗa, Kano ta daina son ƙasa. Kowa bulo, kowa kwano, kowa so yake ya kwana a cikin tanda ya kunna fanka. Malam Nata'ala ya rasu ba mai kiransa aiki sai yaɓen katanga, shi kuma Ɗalha ya koyi shimfiɗa tayil, ya koma durƙuso a banɗakunan masu hali. Ya yi aure, ya auri Bahijja, mace mai baki kamar reza da zuciya kamar auduga. Gwiwoyinsa kuwa suka yi kanta, in ya durƙusa a kan ƙaya sai dai ƙayar ta karye.

Wata damina mai ƙarfi ta zo, katangar gabas ta zauna, ɗakin Inna Uwani ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ɗalha ya ce a ba shi rani ɗaya ya tashe shi. Yayyensa suka ce gidan gado ne, kowa yana da bakin da zai ciyar, a sayar a huta. Aka sayar. Wanda ya saya bai yi wata-wata ba ya kawo katafila. Yau in ka je wurin, layin shaguna ne, wannan yana sayar da rigar waya, wancan yana sayar da maganin sauro. Ɗalha ya ɗauko uwarsa ya kawo ta ciki da falon da yake haya a Ƙofar Dawanau.

To, Inna Uwani tun da aka kai ta gidan nan na Yakasai ba ta taɓa kwana a wani wuri ba, in ka cire wankan jegon haihuwar fari. Ga tsufa ya fara taɓa mata tunani. Kullum da la'asar sai ta yafa mayafi, ta jawo takalmi, ta zauna a bakin ƙofa.

"Auta, rana ta yi sanyi. Mai da ni gida. Mun dami mutane da zama."

"Zan mai da ke, Inna."

Sau ɗaya ya gwada faɗa mata gaskiya da ido. Ya ɗauki adaidaita ya kai ta har ƙofar shagunan. Ta dubi mai rigar waya, ta dubi mai maganin sauro, ta juyo ta dubi ɗanta da tausayi.

"Ɗan magini guda bai san lungun gidan ubansa ba. Ka ɓatar da mu, Auta. Juya mu koma, gobe ka tambayi mutane."

Daga nan bai sake gwadawa ba. Kullum dai ta ce mai da ni, ya ce zan mai da ke, ya shige banɗaki ya daɗe yana wanke fuska.

Ana nan sai wata rana ya kai wayarsa gyara shagon Naziru, sa'ansa ne tun makarantar allo, mai gyaran waya da sayar da kayan gem, wato wasan kwamfuta. Ya tarar Naziru yana kallon wani bidiyo. Wani mutum ne a bakin kogi ya durƙusa ya haƙi ƙasa, ya kwaɓa da ruwa, ya mulmula ta da tafin hannu, ya ɗora, ya sake ɗorawa, katanga tana lanƙwasa tana bin hannunsa. Ya dasa itace, itacen ya girma ya yi 'ya'ya. Ruwan sama ya sauko yana gangara ta kan rufi. Iyalinsa suka shigo suka zauna. Wata murya mai kauri, irin wadda za ta iya sayar wa mai rijiya ruwa, tana bayani.

"Wannan wane fim ne?"

"Ba fim ba ne, tallar gem ce. Sunansa in ka juya shi da Hausa, Sabuwar Ƙasa. Duniya ce guda a intanet, kowa ya shiga ya kama wuri ya gina abin da ransa ke so."

"Me mai muryar yake cewa a ƙarshen nan?"

"Wai abin da ka gina naka ne, har abada."

Ɗalha ya sa aka maimaita masa bidiyon har batirin Naziru ya fara kuka. Ba kogin yake kallo ba, ba itacen ba. Hannun mutumin yake kallo, yadda yake mulmula ƙasa sak irin na Malam Nata'ala.

Naziru ya ce, "Amma fa tsaya, Malam. Ba a gama shi ba. Shigar wuri suke sayarwa. Ka biya yanzu ka shiga, su kuma suna ci gaba da aikinsu kana ciki. Rabin abin da ka gani a tallar nan babu shi tukuna."

"Au, awon igiya ke nan!"

Duk ɗan Kano ya san awon igiya. Mai gona ya ja igiya ya yanka gonarsa filoti-filoti, ba titi, ba ruwa, ba wuta, ka saya a haka. Bana ka zuba harsashi, baɗi ka ɗora layi biyu na bulo, kana nan zaune gari zai taho ya same ka. Waɗanda suka yi haka a Rijiyar Lemo tun kura na kuka a wurin, yau su ne masu gidajen haya. Da Ɗalha ya sami wannan ma'auni a kansa, ko malaman Kano duka za su taru ba za su cire shi ba.

Naziru dai ya sauke nauyi. Ya ce, "Ka ji ni da kunnen basira. Irin waɗannan kamfanonin, ranar da suka gama, wani lokaci share duniyar suke yi kakaf, a sake sabon lale."

"Da ginin mutane a kai?"

"Da komai."

"Haba Naziru, kai ma dai. Gwamnati ma da take gwamnati, in za ta fitar da titi sai ta shafa jan fenti, ta kira mai unguwa, a yi maganar diyya. Mutum ya sayar maka da fili da bakinsa, ya ce naka ne har abada, duniya tana ji, sannan ya dawo ya rushe? Ai ko kunyar idon jama'a ya ji."

"Waɗannan ba su da ido a Kano."

"Kai dai nemo min kwamfuta ta hannu mai ɗan ƙarfi."

Ranar da ya fara shiga, ya yi bisimilla ya taka Sabuwar Ƙasa da ƙafar dama, in dai ɗan mutum-mutumin da aka ba shi yana da dama da hagu. Kogi yana nan, wannan ba su yi ƙarya ba. Amma ya durƙusa zai haƙi ƙasa, sai wani rubutu ya fito: tana nan tafe. Ya je dasa itace: yana nan tafe. Ruwan sama akwai shi, sai dai ta cikin rufi yake wucewa kamar ba a yi ba. Awaki suna tafiya a kan iska, wata ma rabinta a cikin dutse tana tuƙa hankali kwance. Kayan gini biyu ne kacal, dutse da katako, kowanne mai kusurwa huɗu kamar sabulun wanki. Ga shi in mutane suka yi yawa sai komai ya daskare, ka ɗaga gatari yau ya sauka jibi.

Wani zai ce an cuce shi. Ɗalha murmushi ya yi ya ce haka sabuwar unguwa take.

Ya kama wuri a bakin kogi, ya fara da zumunci kamar yadda aka koya masa. Ya ɗebi gasasshen kifi ya nufi maƙwabcinsa na dama, wani mai sulke da ƙahoni, ya tsaya daga nesa ya rubuta masa sallama. Maƙwabci ya yi tsalle sau biyu, ya karɓi kifin, ya sare shi da gatari, ya kwashe katakon da ya wuni yana tarawa. Da Ɗalha ya farfaɗo a bakin kogi tsirara sai ya ce wataƙila mutumin ba ya cin kifi. Zauren da ya fara ginawa kuwa ya ƙi sa masa ƙofa, wai zauren gidansu ba a taɓa rufe shi da rana ba. 'Yan gem na duniya suka mai da wurin hanya. An kashe Ɗalha a zauren nan, in ba a yi dubu ba an kusa. Sai da Bahijja ta ce, "Baban Jamila, kai ko a duniyar ƙarya ma sai an cuce ka?" sannan ya haƙura ya sa ƙofa da sakata.

Tsakanin la'asar da magariba, in ya dawo daga aiki kuma an dace da wuta, nan ne lokacin gininsa. Itace ɗaya-ɗaya yake sarewa, dutse ɗaya-ɗaya yake ɗaukowa. Da zaure ya tashi da zankayensa, ya yi dakali, ya zagaye tsakar gida, ya jera duwatsun rijiya, sai ya jona kwamfutar da talabijin ya jira la'asar. Inna Uwani ta yafa mayafi ta ce a mai da ita gida.

"Juyo nan, Inna. Ga shi ana gyara."

Ta daɗe tana kallo. Ɗalha ya tura ɗan mutum-mutumin ya shiga zaure a hankali, ya karya kwana, ya fito tsakar gida. Tsohuwa ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Wane sakaran ne ya kai rijiya can? Rijiya ai tana nan kusa da madafi, in na miƙa hannu daga murhu ina taɓa guga."

"Za a gyara, Inna."

"Kuma dakalin nan ya yi tsawo. Babanku da gangan ya rage shi saboda Malam Audu mai ɗinki, gajere ne, ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Ina lemona?"

"Yana nan tafe."

Ranar ba ta jawo takalmi ba. Washegari ma haka. Ta zama shugabar leburori. Matar da take manta ko ta ci abincin rana, sai ga ta tana tuna inda turmi yake zama, da ramin da kaza take ƙwai a bayan randa, da tudun bakin ƙofa da kowane baƙo sai ya yi tuntuɓe da shi. Ta ce a mai da tudun. Ɗalha ya mai da shi. Bahijja tana tankaɗe tana dariya tana share ido da gefen zani.

Saura ɗakinta. Nan Ɗalha ya zuba duk abin da ubansa ya bar masa. Ya gano cewa in ya ɗauki guntayen katako ya riƙa karkata kowanne kaɗan-kaɗan, zai iya fitar da baka irin ta ɗaurin guga. Ya yi ya rushe, ya yi ya rushe, har ƙashin rufin ya tsaya. Amma katako ne tsirara, ba yaɓe. Wata rana cikin raha ya tambaye ta ko za ta shiga a haka.

Ta ce, "Ɗakin katako ai sai kaji. Ni matar magini ce."

Ita ta faɗa ta manta. Shi ya riƙe. Ya ɗauko ƙaton dutse ya toshe ƙofar ɗakin, ya ce ba za ta gan shi ba sai ƙasa ta iso ya yaɓe shi ciki da bai. Kullum in sun zaga tsakar gida suka zo ƙofar sai ta ce, "Buɗe in leƙa."

"Ba a yi yaɓe ba, Inna."

"To bari. Ba a shiga ɗaki ɗanye."

Kamfani kuwa bai zauna ba, a faɗi gaskiya. Duk bayan 'yan makonni sai a ce an kawo sabon abu, Ɗalha ya zuba data ya sauke da rawar jiki. Suka kawo rawa, ɗan mutum-mutuminka ya riƙa karkaɗa kafaɗa. Suka kawo kamun kifi da ƙugiya. Suka kawo wa karnuka riguna. Suka fito da sabuwar talla da ta fi ta farko kyau, har da jirgin ruwa. Ƙasa dai tana nan tafe. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta shigo. Masu gem a duniya suna ta zage-zage a intanet, wasu suna neman a mai da musu kuɗinsu, Naziru yana karanto masa. Ɗalha ya ce marasa haƙuri ne, ba su taɓa jiran a kawo wa unguwarsu taransifoma ba.

Ita kuwa Inna Uwani ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta fara kiran Bahijja da sunan ƙanwarta da ta rasu tun tuni. Ƙafafu suka kumbura, sallah ta koma a zaune. Gyare-gyaren da take bayarwa suka ragu, wata rana sai dai ta yi ta kallon tsakar gidan, in an zo ƙofar ɗakin ta ɗaga yatsa.

Bahijja ta tare shi a bakin famfo.

"Baban Jamila, ka cire dutsen nan."

"Sun ce saura kaɗan."

"Tun Jamila ba ta yi haƙori ba suke cewa saura kaɗan, ga ta nan tana tauna rake. Ka shigar da ita ko na katakon ne. Wallahi ba za ta bambance ba."

"Ni zan bambance. Ɗakin da Malam ya yi mata duk gari ana zuwa kallo, ni in mai da ita akurki?"

"Tsohuwar nan ba kamfani take jira ba, ka san wanda take jira."

Ya ɗauki butarsa ya wuce masallaci.

Sai ga labari ya zo, Naziru da kansa ya hawo babur ya kawo shi: an gama gem, ranar Laraba za a buɗe shi gaba ɗaya, kuma a cikin jerin abin da aka lissafa har da ƙasa. Ya so ya ƙara wata magana, Ɗalha ya riga ya shige gida yana kiran Inna. Ya ce Laraba da Alhamis zai yi yaɓe, ko aikin gidan gwamna aka kira shi ba zai je ba. Juma'a bayan an sauko masallaci Inna za ta tare.

Ba a taɓa ganin shirin tarewa irin wannan ba. Inna Uwani ta warware kamar an yi mata allura. Ta ce a ƙunsa mata lalle. Ta sa aka jawo kwanukan jerenta daga ƙarƙashin gado, samiru da fanteka da tasoshin da suka girmi Ɗalha, aka wanke su da toka har suna kashe ido. Ta ce a aika wa Dije, maƙwabciyarta ta Yakasai, kada ta ji a bakin duniya. Bahijja ta auno shinkafar waina. Ko ita da take tsiya, sai da ta ɗinka sabon ɗankwali.

Laraba da hantsi Ɗalha ya rungumi kwamfuta ya tafi shagon Naziru, don can sabis ya fi ƙarfi. Aka sauke. Aka buɗe. Kiɗa ya tashi mai daɗi, an sake fenti, kogi yana ƙyalli kamar a tallar farko.

Ɗan mutum-mutuminsa yana tsaye a cikin ciyawa. Ɗalha ya juya shi dama, ya juya shi hagu.

"Sun sauke ni a wani wuri. Bari in bi kogi."

Ya bi kogi ya gangara, ya dawo ya haura. Ga lanƙwasar da ya sani, ga dutsen nan mai kama da turmi. Babu zaure. Babu dakali, babu rijiya, babu tudun tuntuɓe. A daidai inda ɗakin Inna yake, wani mai sulke har ya kafa turaku yana tsalle-tsalle.

"Naziru, sabis ne. Bai gama buɗewa ba."

Naziru bai dube shi ba. Ya nuna wani dogon rubutu a gefe ya karanta a hankali yana juyawa. Suna godiya ga 'yan shigar wuri da suka taya su gwaji. Domin kowa ya fara daidai, an share tsohuwar duniya. A matsayin tukuici, an ba kowane ɗan shigar wuri hula ta musamman.

Sai a lokacin Ɗalha ya lura. A kan ɗan mutum-mutuminsa akwai wata doguwar hula ruwan zinare, da gashin tsuntsu a gefe yana kaɗawa.

"Gwaji," in ji shi.

"Na faɗa maka tun ran farko, Malam. Shekaranjiya ma na so in sake faɗa."

"Ka faɗa."

"Ka ɗau hotonsa dai ko? Ko bidiyo, mu nuna mata a waya?"

"Wa yake ɗaukar gidansu hoto? Gida ai yana nan." Ya dubi mai hular. "Na Yakasai ma ban ɗauka ba."

Naziru ya ce to ga ƙasar ta zo, ya gwada mana, yanzu hannunsa ya saba, zai sake tashinsa. Ɗalha ya durƙusar da mai hula ya haƙa. Ƙasa ta fito: dunƙule mai kusurwa huɗu, irin na dutse da na katako, an dai shafa masa ja. Ba ta kwaɓuwa, ba ta mulmuluwa, ba ta bin hannu. Ya juya ta, ya ajiye, ya sake ɗauka. Wancan ginin damina biyu ya ci, lokacin Inna tana iya cewa matsar da rijiya. Ya rufe kwamfutar a hankali, kamar mai rufe fuskar wani.

Daga shagon zuwa gida ba nisa, amma sai da aka yi azahar ya shiga. Ya tarar da Inna Uwani a kan tabarma, ƙafafu a miƙe an naɗe su da leda saboda lalle, kwanuka jere a gefenta. Bahijja ta ga fuskarsa, ta ajiye ludayin hannunta.

"Auta, an fara yaɓen?"

Ya durƙusa a gabanta. Ya yi niyyar cewa an ɗaga zuwa wani mako. Mutumin da kowa ya yi wa ƙarya ya yarda, shi bai iya ta ba.

"Inna, gidan babu."

"Ruwa ne?"

"A'a. Masu filin ne suka karɓi abinsu."

Ta dube shi, kuma ranar idonta tar yake, ba hazo ko kaɗan. Ɗalha ya ce a ransa da ma a cikin ruɗewarta maganar ta same ta.

"Da ɗakin nawa?"

"Da shi."

"Ka rufa shi kuwa?"

"Na rufa, Inna. Irin na Malam. Yaɓe kawai ya rage."

"Da ka bari na leƙa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar mai cewa da ka taho da gishiri. Ta sunkuya ta fara warware ledar ƙafarta da kanta, lallen bai gama kamawa ba. Ta ce Bahijja kada a bar shinkafar nan ta lalace, a soya a raba wa maƙwabta. Ta ce kwanukan ma ta ɗauka ta riƙa amfani da su, ajiya ta isa haka. Sannan ta tambayi Ɗalha ko ya ci abinci.

Daga ranar ba ta sake cewa a kai ta ko'ina ba. Tana ci in an ba ta, tana sallah in an tuna mata. Ɗalha yana dawowa da wuri ya zauna kusa da ita, ya jawo hirar Yakasai, ya ce Inna kin tuna kaza, ta ce uhm. Kafin a girbe gero ta kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa, da rana tsaka, kanta a cinyar Bahijja.

Gidan haya ba shi da zaure, sai aka kafa rumfa a kan layi aka shimfiɗa tabarmi. Aka sanar a masallatan cikin gari cewa Uwani ta Malam Nata'ala magini ta rasu. Tsofaffin Yakasai da suka ji, ba wanda ya tsaya tambayar inda za a yi zaman makoki. Suka ɗauki sandunansu suka nufi inda ƙafarsu ta saba, suka taru cirko-cirko a gaban mai rigar waya. Dije ce ta sa aka kira Ɗalha a waya.

"Auta, ga mu a ƙofar gida, ba mu ga kowa ba. Ina kuka kai ta?"

Ya tashi daga cikin masu gaisuwa, ya fita bakin titi inda ake jin magana, ya toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Baba Dije, ku hau adaidaita ku ce Ƙofar Dawanau. In kun wuce gidan mai, ku sha kwana ta hagu. Gida ne mai baƙin get, ba za ku gane shi ba, duk layin iri ɗaya ne. Ku dai taho, zan tsaya a bakin hanya."